Me ya sa ƙwari ke daina jin magani, ko da na halitta ne?

Ƴan uwa makiyaya da membobin ƙungiyoyi, akwai wata magana da ta bazu tun da aka fara kawo magungunan ƙwari na halitta a karkararmu: wai tunda ba gubar masana'anta ba ce, ƙwari ba za su taɓa bijire musu ba. Ina cikin masu ba da shawarar a yi aiki da waɗannan magunguna, domin galibinsu sun fi sauƙin illa ga bisashe, da ruwan sha, da tsuntsaye, da wanda ya goya famfon feshi. Amma maganar cewa ƙwaro ba ya bijire musu ba gaskiya ba ce. Ya bijire a ƙasashe da dama, kuma masana sun bi diddigin yadda abin ya faru. Zan bayyana hanyar da ake bi har a kai can, domin yawancinta a hannun mai amfani da maganin take.

Zancen ya shafi makiyayi ta fuska uku. Fara tana cinye ciyawar da garke zai ci, kuma duk wanda ya ga farar 2004 da wahalar da ta biyo baya a 2005 ya san abin da nake nufi. Tsutsa tana lalata dawa da masara da wake, waɗanda karansu da harawarsu ke riƙe bisashe da rani. Kaska da ƙuda kuwa a jikin dabbar suke. Idan maganin ɗayansu ya daina ci, asarar a garke za ta sauka.

Mene ne maganin ƙwari na halitta?

Shi ne maganin da aka samo daga wani abu mai rai. Huɗu daga ciki sun ishe mu misali.

Na farko wata bakteriya ce ta cikin ƙasa da ake taƙaita sunanta da Bt. An fara ganinta a Japan a 1901 cikin tsutsar siliki, aka sake gano ta a Jamus a 1911, aka fara sayar da ita a matsayin magani a Faransa a 1938. Ana fesa ta a ganye, tsutsa ta ci ta mutu.

Na biyu wata funfuna ce mai suna Metarhizium da ke kama fara. Irin da aka yi maganin Green Muscle da shi daga jikin wata fara a nan Nijar aka samo shi. Shirin LUBILOSA, wanda ya yi aiki daga 1989 zuwa 2002, shi ya haɗa maganin, kuma an yi manyan gwaje-gwajensa a wajen Maine-Sorowa.

Na uku ƴaƴan bedi ne, wato dogon yaro, da manoma ke dakawa su jiƙa su fesa.

Na huɗu ivermectin ne, allurar da kowane makiyayi ya sani. Shi ba abu mai rai ba ne a cikin kwalba, amma tushensa wata bakteriya ce da aka samu a ƙasar Japan, kuma an fara sayar da shi don dabbobi a 1981. Na sa shi a lissafi don labarinsa ya nuna cewa fitowa daga halitta ba ta hana ƙwaro bijirewa.

Magani ba ya horar da ƙwaro, zaɓe yake yi

Sau da yawa nakan ji ana cewa ƙwaro ya saba da magani, kamar yadda mutum ke sabawa da yaji. Abin da ke faruwa ya bambanta da haka, kuma makiyayi ya fi kowa saurin gane shi.

Idan fari ya yi tsanani, ba duk shanun garke ke faɗuwa ba. Waɗanda suka fi jure yunwa da tafiya su ke kai damana, su ke haihuwa, ƴaƴansu kuma su gaji wannan juriya. Farin bai koya wa saniya komai ba, ya dai kwashe masu rauni ya bar masu ƙarfi. Haka mai garke ke yi da gangan idan ya zaɓi bijimin Azawak ɗin da uwarsa ta fi nono, ko bunsurun jar akuyar Maraɗi da ya fito daga tsatson masu haihuwar tagwaye.

A cikin miliyoyin ƙwari ma ba duka suke ɗaya ba. Tun kafin a kawo magani, akan samu ƴan ƙalilan da aka haifa da wani ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu, wanda ke sa maganin ba ya kama su sosai. Idan aka yi feshi, masu jin magani su mutu, waɗannan ƴan ƙalilan su rage, su samu ganye ko jini ba mai yi musu gasa, su hayayyafa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A sake fesa maganin nan dai, a sake kwashe masu rauni. Bayan zagaye da yawa, masu taurin su ne mafi rinjaye, sai a ce magani ya lalace, alhali maganin yana nan yadda yake, ƙwarin ne suka sauya.

Bambancin kawai shi ne sauri. Karsana takan kai wajen shekara huɗu kafin ta yi haihuwar fari. Tsutsar da ke cin shu, wato kabeji, a wuri mai zafi takan gama rayuwarta daga ƙwai zuwa ƙwai cikin mako biyu zuwa uku, ta yi zuriya fiye da goma a shekara. Kaska ɗaya da ta ƙoshi da jini tana zuba ƙwai dubbai. Zaɓen da zai ɗauki makiyayi tsawon rayuwarsa, ƙwaro yakan gama shi cikin ƴan shekaru.

Abin da ke sauyawa a jikin ƙwaron

Mu ɗauki Bt, don shi aka fi bincika. Bakteriyar tana yin wani ɗan dunƙulen sinadari. Idan tsutsa ta haɗiye shi, ruwan hanjinta ke narkar da shi ya kuma farkar da gubar. Daga nan gubar ta nemi wani gurbi a bangon hanjin da ya yi daidai da ita, kamar makulli da kwaɗonsa. Idan ta shiga, sai ta huda hanjin, tsutsar ta daina ci, ta mutu cikin ƴan kwanaki. Saniya da akuya da mutum ba su da wannan gurbi, shi ya sa Bt ba ya cutar da su.

To wannan alherin shi ne kuma rauninsa. Maganin da ke bi ta ƙofa ɗaya, sauya kwaɗo ɗaya ya isa a hana shi shiga. A yawancin tsutsotsin da suka bijire wa Bt, abin da aka tarar shi ne gurbin nan ya sauya fasali ko ya ɓace, gubar ta wuce ta cikin hanji ba ta kama komai ba. A wasu kuma ruwan hanjin ne ya sauya, ba ya farkar da gubar yadda ya kamata. Ga sauran magunguna akwai wasu hanyoyi: ƙwaro ya riƙa narkar da gubar da sauri, ko jikinsa ya riƙa fitar da ita kafin ta kai inda za ta yi aiki, ko fatarsa ta rage shigarta.

Akwai wani abu game da gadon da ya kamata a riƙe. A lokuta da yawa, ƙwaro ba ya zama mai tauri sosai sai ya gaji abin ta wajen uwa da ta wajen uba. Wanda ya gada ta gefe ɗaya kawai, cikakken awon magani yana kashe shi, amma rabin awo yana barinsa. Ke nan duk wanda ya rage awo don kwalba ta ishi garke, ko ya ƙara ruwa don feshi ya kai ƙarshen gona, yana raya masu rabin gado ne, su haɗu da juna su haifi masu cikakken gado.

Inda abin ya riga ya faru

A 1985 wani masani a Amurka, William McGaughey, ya nuna cewa wata faɗa-wuta da tsutsarta ke cin hatsin ajiya tana iya bijire wa Bt cikin ƴan zuriya kaɗan. A 1990 Bruce Tabashnik da abokan aikinsa suka ba da rahoton bijirewa a fili: tsutsar shu a tsibirin Hawai, a lambunan da aka yi ta fesa Bt ba hutu.

A Jamus, masu gonakin tuffa sun daɗe suna fesa wata ƙwayar bairus da ke kashe tsutsar tuffa kaɗai. Duk magungunan da ke kasuwa daga iri ɗaya na wannan bairus aka yi su. Wajen 2005 aka gano gonakin da ya daina ci, sai da aka nemo wasu ire-iren bairus ɗin kafin a shawo kan lamarin.

Akwai kuma ƙasashen da ake shuka auduga da masara waɗanda aka sa wa gubar Bt a cikin jikin shukar, ta yadda tsutsa ke haɗuwa da ita tun daga tsiro har girbi. A Afirka ta Kudu, tsutsar da ke huda karan masara ta bijire, aka ba da rahoto a 2007. A Indiya, jar tsutsar auduga ta bijire a jihar Gujarat, aka tabbatar a 2009. Amma a jihar Arizona ta Amurka wannan jar tsutsa ba ta yi nasara ba. Babban bambancin shi ne a Arizona an tilasta barin wani sashe na gona da audugar da ba ta da gubar. A nan masu jin magani ke rayuwa da yawa, su yi barbara da ƴan ƙalilan masu tauri, ƴaƴan su fito da rabin gado, gubar ta kashe su. A Indiya ba a kiyaye wannan ƙa'ida sosai ba. Darasin yana da ban mamaki amma haka yake: barin wasu ƙwari masu rauni da rai yana tsawaita ran magani.

Me ya sa wasu magungunan suka daɗe suna ci?

Nijar tana cikin ƙasashe bakwai da aka fara shirin yaƙi da makantar bakin kogi da su a 1974. Ana zuba magani a koguna don kashe tsutsar ɗan baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar. A 1980 ƙudan ya bijire wa maganin temephos a Kwaddibuwa. Sai shirin ya shigo da wani irin Bt da ake kira Bti, ya kuma riƙa karɓa-karɓa tsakanin magunguna masu aiki ta hanyoyi dabam-dabam har aka rufe shi a 2002. Bti bai gaza ba, domin ba guba ɗaya yake ɗauke da ita ba, guba wajen huɗu ce ke aiki tare. Ƙwaro zai iya sauya kwaɗo ɗaya, amma sauya huɗu a lokaci guda yana da wuya ƙwarai. Wata bakteriyar kashe tsutsar sauro da ta dogara ga guba ɗaya kuwa, sauro ya bijire mata a Indiya da Barazil da Sin. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da yaɗuwar wannan makanta, ita ce ta farko a Afirka.

Bedi ma haka ne. A wani gwaji da aka wallafa a 1995 a Kanada, an yi ta fesa wa wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye babban sinadarin bedi shi kaɗai, tsantsa. Bayan zuriya 40 juriyarsu ta ninka sau tara. Waɗanda aka fesa wa ruwan ƴaƴan bedi da dukan sinadaransa ba su bijire ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Funfunar fara kuwa abu ce mai rai. Tana manne wa fatar fara, ta huda ta shiga, ta yi girma a ciki da makamai iri-iri, don haka bijire mata ta gado yana da wuya. Duk da haka fara tana da dabararta: idan ta kamu, takan zauna a rana ta ɗaga zafin jikinta sama da digiri 40, abin da ke rage wa funfunar sauri. Shi ya sa maganin ke ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin a ga fara na mutuwa.

Kaska, abin da ya fi kusa da garke

Kaskar da muka saba da ita a kudancin ƙasa, mai zane a baya wadda ke tafe da kirci, tana yin zuriya ɗaya a shekara, kuma yawancin rayuwarta a ƙasa take ko a jikin wasu dabbobin da ba a yi wa magani. Don haka koyaushe akwai masu jin magani da yawa da ke gauraya da sauran, bijirewarta tana tafiya a hankali.

Akwai wata kuma mai suna Rhipicephalus microplus, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma a Kwaddibuwa a 2007, kuma ana danganta shigowarta da shanun da aka sayo daga Barazil. Daga baya an same ta a Benin da Burkina Faso da Mali da Najeriya. Ita a jikin saniya ɗaya take zama wajen mako uku, tun tana ƴar mitsitsiya har ta ƙoshi ta faɗi, kuma tana yin zuriya da yawa a shekara. Duk maganin da aka yi wa saniyar, a kanta yake sauka. Shi ya sa ta yi suna wajen bijire wa magunguna, kuma a Barazil da Meziko an tabbatar ta bijire har wa ivermectin. Tana yaɗa cutar fitsarin jini. Ta fi son wuri mai laima, amma shanun da ke zuwa kiwo kudu da waɗanda ake sayowa daga can suna iya ɗauko ta.

Ba kowace gazawa ce bijirewa ba

Kafin a yanke hukunci cewa ƙwari sun bijire, a duba waɗannan. Maganin na gaskiya ne ko jabu? Kwanansa ya wuce? A ina aka ajiye shi? Maganin halitta ba ya son zafi, kwalbar da ta yini a rana a kan tabarmar kasuwa tana iya mutuwa tun kafin a buɗe ta. Hasken rana yana lalata Bt a kan ganye cikin ƴan kwanaki, shi ya sa ake fesa shi da marece, kuma ya fi cin tsutsa tun tana ƙarama. Sannan yawancin magungunan halitta ba sa kashewa nan take. Wanda ya fesa da safe ya dawo da azahar bai ga gawa ba, ya ce magani bai yi ba, ya yi gaggawa. Alamar bijirewa ta gaske ita ce magani mai kyau, da awo daidai, a lokacin da ya dace, wanda a da yana ci, yanzu kuma ba ya ci a garke fiye da ɗaya.

Abin da nake ba ƙungiyoyi shawara

Na ɗaya, a ba da cikakken awo. A kimanta nauyin dabba da igiyar awo ko tare da ma'aikacin kiwo, a bi abin da aka rubuta a kwalba. Idan kuɗi bai isa a yi wa garke duka ba, gara a yi wa rabi cikakken awo da a yi wa duka rabin awo.

Na biyu, a yi magani idan akwai dalili. A kowane garke ƴan dabbobi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan kaska. A fara da su, da masu rauni. Yi wa kowace dabba allurar ivermectin a kai a kai ba dubawa yana hanzarta bijirewar kaska da tsutsar ciki, kuma ragowarsa a kashin shanu yana kashe buzuzun da ke binne taki. A kuma kiyaye kwanakin da aka hana cin nama da shan nono bayan allura.

Na uku, a riƙa sauya dangin magani, ba sunan kwalba kawai ba. A karanta sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Cypermethrin da deltamethrin da flumethrin ƴan gida ɗaya ne, wanda ya bijire wa ɗaya yakan bijire wa sauran. Ivermectin da doramectin da abamectin su ma gida ɗaya ne. Amitraz gidansa dabam. Likitan bisashe ne zai tsara yadda za a yi karɓa-karɓar. Kada a gauraya magunguna a bokiti da ka, kada kuma a shafa wa dabba maganin gona.

Na huɗu, a haɗa da hanyoyin da ba na kwalba ba. Cire kaska da hannu, barin kaji su yi kiwo a mashekari, share turke da sauya wurin kwana duk suna rage yawan kaska, kuma ba ruwansu da wadda ta bijire da wadda ba ta bijire ba. A gonakin hatsi na Maraɗi da Tawa da Damagaram, sakin ƙaramin zanzaron nan mai kashe murzuna, da masu binciken INRAN suka yaɗa, misali ne mai kyau.

Na biyar, a ware dabbar da aka sayo ko ta dawo daga kudu na ƴan kwanaki, a duba ta, a yi mata magani kafin ta shiga garke.

Na shida, ƙungiya ta sayi magani a wurin da aka amince da shi, ta ajiye a inuwa, ta buɗe littafi: ranar da aka yi magani, sunan sinadari, awo, da abin da aka gani bayan mako guda. Na gona kuma a nemi wanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen CILSS ya yi wa rajista. Idan littafi ya nuna magani ya fara rauni, a sanar da ma'aikatar kiwo ta gunduma da wuri. Ana iya tattara kaska matan da suka ƙoshi a kwalba mai ƴan huji a kai musu, domin a ɗakin bincike ana barinsu su yi ƙwai a gwada ƴaƴan da magunguna. Cibiyar CIRDES ta Bobo-Dioulasso ta yi irin wannan gwaji a kan kaskar yankinmu.

Dalilin da ya sa na ɗora nauyin a kan ƙungiya shi ne garkuna suna haɗuwa a rijiya ɗaya, su bi burtali ɗaya, su tsaya a kasuwa ɗaya. Kaskar da ta yi tauri a garken maƙwabcinka, gobe tana jikin saniyarka. Dangogin maganin da muke da su ba su da yawa, kuma samar da sabo yana cin shekaru da kuɗi mai yawa. Idan ɗaya ya daina ci a yanki, kowa ne ya rasa shi. Don haka a taron ƙungiya na gaba, kafin faɗuwar damana, ina roƙon a sa wannan batu a gaba: wane sinadari aka yi aiki da shi bara, wanne za a sauya zuwa bana, kuma wa zai riƙe littafin.